Azumin Mian Wanlin a Filin Lilo

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa, ya sanya abincin wani a hannun wani domin kada kowa ya ga ya wadatu da kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Mian Wanlin shi ne mai dafa ruwan alwala a masallacinmu na bakin kogi, a ƙasar Linxia, shekara arba'in da ɗaya. A kan wannan aiki na iske shi lokacin da aka kawo ni limanci. Yakan riga ladan zuwa, ya hura kwal, ya jera butoci sittin a kan dakali, domin mai zuwa sallar asuba cikin hunturu ya sami ruwa mai ɗumi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Matarsa ta rasu tun yana da sauran ƙarfi, ta bar masa ɗa guda mai suna Jiguang. Jiguang ya tafi kudu neman aiki, ya zauna a Suzhou, ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Peilan, 'yar mutanen can, wadda ta musulunta kafin aure. Ni na ɗaura shi. Allah ya ba su 'ya mace, suna kiranta Tongtong.

Shekara takwas da wannan aure, Wanlin bai taɓa cin abin da Peilan ta dafa ba. Mutanenmu sun gaji wani tsantseni daga kakanni, cewa ba a cin abin da aka dafa a tukunyar da ba a san tarihinta ba, har matafiyi yakan ɗaura tasa a baya. Wanlin ya kai wannan inda littattafan fiƙihu ba su kai shi ba. Ya san gidan da Peilan ta tashi da abin da ake dafawa a cikinsa, sai ya kasa raba hannunta da wannan gida. Bai taɓa faɗa mata baƙar magana ba. Duk lokacin da suka zo hutun salla ta ajiye masa kwano, sai ya ce ya ƙoshi. Na gaya masa fiye da sau goma cewa abincinta halal ne kamar na kowace musulma, kuma ƙinsa zalunci ne gare ta. Amsarsa ɗaya ce kullum, yana kirana Ahong, wato liman a harshenmu: "Ahong, zuciyata ta yarda da kai. Maƙogwarona ne ya ƙi."

Abin da zan ba da labarinsa yanzu na ji shi daga bakinsa, na kuma ji daga bakin Peilan, kuma ba su saɓa a komai ba sai a yawan lomar da aka ci.

A hutun makaranta na bazarar da Tongtong ta cika shekara shida, Jiguang ya aiko wa ubansa tikitin jirgin ƙasa, ya ce za su yi kwana uku a wani babban filin lilo da ke wajen birni. Suka kama ɗaki mai madafi kusa da wurin. Wanlin ya tafi da butarsa da kwanonsa da gurasa goma sha biyu a cikin jakar ƙyalle, irin busasshiyar gurasarmu da takan yi kwana goma a kan kanta ba ta canja ba. Kwana biyu na farko da ita ya rayu. Yakan zauna a benci yana gadin jakunkuna, su kuwa suna bin layi, in yunwa ta taso ya gutsura ya kora da ruwan zafi.

Abin da bai sani ba shi ne iskar kudu ba irin tamu ba ce. Da ya buɗe jakar bayan sallar asuba a rana ta uku, sai ya tarar da gurasa huɗun da suka rage sun yi funfuna, kore da fari, har cikin tsakiya. Ya sauka da su ya marmasa wa kifayen wani tafki da ke gaban masaukin, don ba ya iya jefa gurasa a shara. A can Jiguang ya same shi.

"Baba, Peilan ta yi magana. Ta ce in ka hau jirgi yau ba ka ci abincinta ba, ita da Linxia sai dai a waya. Kuma ka san inda uwa take, nan 'ya take."

"Barazana ce?"

"Gajiya ce, Baba. Ni ma na gaji. Shekara takwas ina cin kwano biyu don kada a mayar da naka a cike. Dubi cikina."

"Wannan ciki tun kana yaro kake tara shi."

"Ba wasa nake ba. Sabuwar tukunya ta saya, da sabuwar wuƙa da sabon katako. Naman ma sai da ta hau mota biyu zuwa wurin mahaucin bakin masallaci. Ko takardar da aka manna a jikin tukunyar ba ta ɓare ba, don ka gani."

Wanlin ya kakkaɓe hannunsa, suka juya zuwa ɗaki. Suna hawa matakala yana lissafi. Tun fitowar alfijir ko ruwa bai sha ba, kuma a mazhabarmu azumin nafila yana ƙulluwa da niyyar safiya matuƙar ba a ci komai ba. Ya ƙulla niyya a tsakanin hawa na biyu da na uku. Da ya shiga ya tarar Peilan ta zuba shinkafa da naman sa da dankali, ta ajiye a gefen da yake zama, ga tukunyar a kan teburi da takardarta tana fuskantar kujerarsa.

"Baba, bismilla," in ji ta.

"Allah ya yi albarka, Maman Tongtong. Ina azumi."

Jiguang ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. "Azumin me? Yau Laraba."

"Allah bai rufe ƙofarsa ranar Laraba ba."

Peilan ta dube shi, ta dubi kwanon. Ta juye abincin a kula, ta ɗaure murfin, ta sa a jakarta ta baya. Dabarar Wanlin kuwa a fili take a zuciyarsa: sun shirya barin filin da la'asar, jirginsa na ƙarfe tara da rabi ne, kuma a bakin tasha akwai shagon taliya na mutanen ƙasarmu. A can zai sha ruwa, ya hau jirgi bai ƙi abincin kowa ba, bai kuma ci ba.

Ranar ta zo da zafi mai danƙo, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya tun hantsi. Ƙafafun kowa sun kumbura da tsayuwar kwana biyu. Layin lilon da Tongtong ke so ya naɗe sau bakwai a cikin shingen ƙarfe, suka yi awa ɗaya da rabi a ciki don hawan da bai kai minti biyu ba. Kiɗa iri ɗaya yana fita daga kowace bishiya. Jiguang da matarsa ba sa magana sai a kan ruwa da hula da inda ban ɗaki yake. Wanlin ya zauna a bencinsa, leɓɓansa sun bushe. Wani mutum sanye da kayan kwaikwayon dabbar beyar ya wuce yana ɗaga wa yara hannu, yana jan ƙafa, sai Wanlin ya ce a ransa wannan bawan Allah ya fi shi shan wuya.

Tongtong ta dawo da jan ƙanƙara a hannu tana lasa. "Kaka, kai ba ka hawa komai, ba ka cin komai. To me ka zo yi?"

"Gadin jakarki na zo."

"Ai benci ma zai iya."

"Benci ba zai bi ɓarawo da gudu ba."

"Kai ma ba za ka iya ba."

Don ya rufe bakinta ya yarda ya hau abu ɗaya, wani kwalekwale da ke hawa tudu ya gangaro cikin ruwa. Ya fito jiƙe sharkaf, farar hularsa a hannu, yana cewa ruwan da suke watsarwa a wannan wuri a yini ɗaya zai yi wa garinmu alwalar shekara. Azahar ya yi ta a bayan ɗakin ajiyar kaya, a kan kwali, yara suna leƙensa. Da ya ɗago daga sujada ta ƙarshe sai da ya dafa bango kafin ya miƙe.

Ƙarfe huɗu na yi ya tattara jakunkuna ya tsaya. Peilan ba ta motsa daga inda take zaune ba, ta cire takalmi ɗaya tana murza diddige.

"Tongtong ba ta ga jerin gwanon yamma ba," in ji ta. "Kwana biyu muna fita kafin a fara. Yau za mu tsaya."

"Jirgin Baba fa?" in ji Jiguang.

"Tara da rabi ne. Na duba, za mu isa."

Wanlin ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ƙasa. Tongtong kuwa ta riga ta fara tsalle. Ya mayar da jakunkunan ya zauna.

Na tambayi Peilan daga baya ko da gangan ta yi. Ta ce, "Ahong, ni ma ƙafata kamar ba tawa ba. Amma na ga ba ni da wata magariba sai wannan."

Suka kama wuri a bakin hanyar da jerin gwanon zai bi, a kan dakalin siminti mai zafi, mutane dubbai a gaba da baya, ba hanyar fita ko da mutum ya so. Awa uku suka yi a nan. Tongtong ta yi barci a cinyar ubanta kafin a fara abin da aka tsaya dominsa. Rana ta sauka a bayan babban lilo mai juyawa. Peilan tana duba wayarta.

"Saura minti uku a sha ruwa, Baba."

"Na gode."

Da lokacin ya cika ta ce, "Rana ta faɗi."

Ya yi addu'a, ya sha ruwa daga gorarsa, ya rufe ta a hankali. "Alhamdu lillahi. Wannan ya isa har tasha."

Peilan ta kwance kular ta ajiye a kan dakalin tsakaninsu. Ta ciro kwanonsa na kansa daga jakar da ya yini yana gadi, ta zuba, ta ɗora sababbin tsinkaye a kai. Ba ta miƙa masa ba. Ta yi magana tana kallon hanya, da muryar wadda ta gama gajiya.

"Baba, a ajin mata an koya mana cewa mai ciyar da mai azumi yana samun lada. Ban sani ba ko na fahimta daidai, ni sabuwa ce. Shekara takwas ban roƙe ka komai ba. In wannan ladan ma ba irina ake ba wa ba, ka faɗa mini da bakinka, in daina sayen tukwane."

Wanlin ya gaya mini cewa a nan ya ga abin da ya yi wa kansa. Ya shiga azumi don ya ɓuya daga gare ta, sai azumin ya kawo shi gabanta da yunwa, ya kuma sa mata haƙƙi a hannu. In ya ce a'a, ya ce musuluncinta bai kai ba ke nan, kuma wannan magana ce da ya san ba zai iya tsayawa da ita gaban Allah ba. Motocin jerin gwanon suka fara wucewa da fitilu da ganguna. Ya ɗauki kwanon. Ya yi bismilla ya kai loma ta farko, ya daɗe yana tauna ta kafin ta wuce. Shi ya ce loma biyar ya ci. Ita ta ce ya cinye, har ya karkata kwanon.

Da ya gama ya goge baki ya ce, "Sukari ya yi yawa. Nama ba alewa ba ne."

"Shekara takwas ina jira, abin da zan ji ke nan?"

"In kin zo da salla zan nuna miki yadda uwar Jiguang take yi."

"In na zo," in ji ta, ta rufe kular.

Suka isa tasha da ƙyar, Jiguang yana saɓe da yarinya mai barci, ba wanda ke da ƙarfin yin doguwar sallama. Wanlin ya kwana ya yini a jirgi, ya iso mana ƙafafunsa a kumbure, ya yi kwana biyu bai fito masallaci ba.

Ta zo da babbar salla, ita da yarinyar. Ta zo a shekara ta gaba ma. Ba zan ce komai ya warware ba, domin har ya bar duniya yakan ɗan yi jim kafin loma ta farko, ita kuma tana ganinsa, ba ta kuma daina jin ciwon hakan ba. Amma yana ci. A ciwonsa na ƙarshe ta ɗauki hutun wata guda daga asibitinsu ta zo ta yi jinyarsa, kuma kunun gero da take dama masa shi ne abin da ya iya haɗiya a kwanakin nan. Ya rasu ranar wata Juma'a a farkon hunturu, yana da shekara saba'in da huɗu.

Ya Allah, ga bawanka Mian Wanlin ya zo gare ka da ƙaramin sani da tsoro mai yawa. Ka gafarta masa inda tsoron ya sa ya ƙuntata wa wadda ba ta cancanci ƙunci ba, ka saka mata da alheri a kan haƙurinta. Ka yalwata masa kabarinsa, ka lulluɓe shi da rahamarka, mu da muka saura ka cika mana da imani. Amin.