Sa'idu Ya Tafi Bai Ɗaura Shok Ɗin Baya Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina ɗaga ƙofar shagona a unguwar Kudai, nan kusa da Harami, aka kira ni, wai Sa'idu mai walda ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna a bakin ƙofa. Bai sake tashi ba.

Ga wanda bai san shi ba, mutumin unguwar Nakkasa ne, can saman dutse, ɓangaren da rusau bai kai ba tukuna. Ya girme ni nesa.

Ni kowa ya san ni. A sakandare na tsaya, ba wanda ya ba ni jari, da gumina na kai inda nake a harkar kayan babur. Amma lokacin da nake baza kaya a kan buhu, Sa'idu ne ya haɗa min kantar ƙarfe ta farko. A kafaɗa ya kawo ta, ya dire, ya ce, "Ɗora kayanka, ka daina zubar mana da mutunci a ƙasa."

Ko da na buɗe shago mai gilashi, bai taɓa kira na da sunana ba. Sai dai "Alhajin shago".

Matarsa, Yaya Hadiza, ciwon ƙoda gare ta, wankin ƙoda ake yi mata a asibiti duk mako. Mota ba ta hawa unguwarsu. Tun da aka rushe gidajen ƙasa kuma, hanyar ta koma ɓaraguzai da ramuka. Da farko goya ta yake yi har bakin titi inda tasi ke tsayawa. Da ƙarfinsa ya fara gazawa, sai ya samo tsohon dabbab, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da samari ke haya a rairayi, ya yi mata waldar kujera a baya.

Sai dai shok ɗinsa duk sun mutu, man ciki ya tsiyaye tuntuni. Duk dutsen da taya ta taka, a gadon bayanta yake ƙarewa. Ranar nan ta ce masa ba za ta sake hawa ba, gara ta zauna a ɗaki, abin da Allah ya nufa ya faru.

A ranar ya zo wurina. Sababbin shok sun fi ƙarfinsa. Na ce ya ɗauka kawai.

Ya ce, "Alhajin shago, riƙe kyautarka. Tashlih za ka raka ni."

Haka muka shiga tashlih, inda ake farke motoci da baburan da suka mutu, rana kamar ta narkar da mutum. Igiya ce a aljihunsa, ya yi mata ƙulli daidai tsawon tsohon shok daga ido zuwa ido. Duk wanda muka ɗago sai ya gwada. Muka dace da na gaba guda biyu daga wani babban dabbab da injinsa ya ƙone.

Ya kwance su ya wanke, ya sauya mai da roba. Ya sassauta sifirin har ƙarshe, ya ce shi ba tsere zai yi ba. Bushin kuwa daga tsohuwar taya ya yanko su. Ya rage wa tayoyi iska kaɗan.

Gwajinsa ne ba zan manta ba. Kwano yake cikawa da ruwa, ya ɗaure a kujerarta, ya gangara dutsen. In ruwa ya zube, ya koma ya sake kwancewa. Mutanen unguwa suna zaune a inuwa suna tsokanarsa.

"Sa'idu, yau ma kwanon za ka kai asibiti?"

Ya ce, "Shi ba ya ɓoye min. Ita sai ta cije mayafi ta ce ba komai."

Da na gaba suka zauna, ta yarda ta ci gaba da hawa. Saura na baya, guda ɗaya ne, kuma shi ne daidai ƙarƙashin kujerar. Mun daɗe muna nema.

Shekaranjiya na samo shi. Ya zo karɓa, muka sha shayi. Na ga ya faɗa, har numfashinsa na sama-sama. Na ce ya bari in turo makaniken shagona ya ɗaura masa.

Ya ce, "Kai sayarwa ka iya. Ni na san inda ke yi mata ciwo."

Ya sa shi a leda, ya ce kafin ranar wanki zai ɗaura. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

An yi masa salla a Harami bayan azahar, muka kai shi maƙabartar Shara'i. Daga can na hau Nakkasa gaisuwa. Ga dabbab a ƙofar gida a kan bulo, ya cire tsohon shok, wanda na ba shi yana kwance a kan kwali, notuna a cikin gwangwanin madara.

Gobe ce ranar wankinta.

Na tsaya a bayan labule na yi mata ta'aziyya, sannan na ce gobe da safe zan zo in sauko da ita.

Ta ce, "Takaba nake yi, Alhaji."

Limamin unguwa yana nan. Ya ce mata lalura ce, addini bai hana ta fita neman lafiya ba.

Ta ce, "To in na hau, wa zan riƙe?"

Kafaɗar mijinta take dafawa a gangaren nan. Ɗansu ɗaya tal, an mayar da shi Kano saboda matsalar iƙama, takardar izinin zama. Ba ta da muharrami a garin nan. Ni kuma ba zan zauna a gabanta in ce ta dafa ni ba, alhali ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba.

Na tuɓe farar jallabiyata na rataye a ƙusa, na kwanta a ƙarƙashin dabbab. Na daɗe rabona da sifana, amma hannu bai manta ba. Na ɗaura shi, na sassauta sifirin kamar yadda ya yi wa na gaba.

Totur ɗin dabbab da babban yatsa ake danna shi. Sai na gwada: ban hau ba, na riƙe kan ina takawa a ƙasa a gefensa, har bakin titi, na dawo. Da wuya, amma yana yiwuwa. Maƙwabciyarsu Maman Bilal ta ce za ta taka a ɗaya gefen, ita za a dafa.

Na koma bayan labule na faɗa mata.

"Allah ya kai mu," ta ce. Ba ta ce za ta fito ba.

Wanda ya taɓa jinyar mai ƙoda ya san abin da tsallake wanki ke jawowa. Jiki ya kumbura, numfashi ya gagara. Ita ma ta sani.

Allah ya jiƙan Sa'idu, ya yafe masa, ya yalwata kabarinsa. Yadda ya ɗauki nauyin baiwar Allah nan bai taɓa kai ƙara wurin kowa ba, Allah ya ɗauke masa nauyin hisabi.

Ban saba roƙon kowa komai ba, amma yau ina roƙo. Duk wanda ya karanta wannan ya yi wa Sa'idu addu'a. Wanda ke kusa da Harami ya tuna da shi a ɗawafi.

Ita ma ku sa ta a ciki. Gobe da safe zan tsaya a ƙofar gidan. Ku roƙa mana Allah ya sa ta fito.