Ranar da Kawu Jakada Ya Kai Murna Gidan Makoki

Duk wanda ya san Kawu Jakada ya san shi da rediyo manne a kunne, amma ba kowane labari ne ya dame shi ba. Shi fa jira yake wata babbar ƙasa ta canza shugaba. To ranar nan ko kokon safe ba ya sha! Abin mamakin kuma, da sabon shugaban ya fara jawabi sai ya rage murya.

Na taɓa ce masa, "Haba Kawu, ai yanzu ne za a ji abin da zai yi."

Ya harare ni. "Kai wai malamin makaranta! Wannan ai daɗin baki zai yi. Maƙwabtansa nake jira."

Yayan mahaifiyata ne, sunansa na yanka Sale, manomi a Zandam, kuma iyakar tafiyarsa a duniya Kano. Amma ya haddace halin ƙasashe tsaf. A wurinsa ƙasar da ta fara aika saƙon murna ita ta fi jin tsoro. Wadda ta yi kwana uku shiru, da abin da ta taka. Wadda kuwa ta ce tana fatan ci gaba da kyakkyawar hulɗa, sai ya yi dariya ya ce, "Allah sarki! Roƙo take kar a rufe mata iyaka."

Da a rediyo abin ya tsaya, da mun huta. Ranar da matarsa Inna Hajo ta sakar wa surukarta girki saboda ciwon baya, kafin azahar Kawu ya aika wa yarinyar da zabuwa. Inna Hajo ta dafe ƙirji.

"Malam! Shekara talatin ina maka tuwo, ko ƙwai ka taɓa ba ni?"

"An yi canjin gwamnati a tukunya, Hajo. Ni ƙaramar ƙasa ce, ta nan abincina yake shigowa."

"To ni fa?"

"Ke ai kin sauka."

Sati guda ba ta amsa sallamarsa da murya mai daɗi ba.

Amma wanda har yau in na tuna jikina yake sanyi, shi ne na gidan Alhaji Bala. Gonar Kawu tana bayan ƙatuwar gonar Alhaji, kuma hanyar amalanke ɗaya ce tak, ta gefen gonar Alhajin. Tun suna samari yake barin Kawu ya bi. Da Alhaji ya rasu, gona ta koma hannun babban ɗansa Nasiru, aka fara raɗe-raɗin zai kawo tarakta ya nome har gefe.

Ranar sadakar uku na taso daga Birnin Kudu na ɗauki Kawu a babur. Na gan shi da farar babbar riga da zabi biyu a ɗaure, na ɗauka na sadaka ne. Muka isa, tabarmi cike da jama'a, kowa na cewa ya haƙuri. Kawu ya ratsa har gaban Nasiru, ya ajiye zabi, ya gyara murya.

"A madadina da iyalina, ina taya ka murnar hawa wannan kujera. Muna fatan ci gaba da kyakkyawar hulɗa."

Innalillahi! Carbin liman ya suɓuce daga hannunsa. Wani dattijo ya ƙware da ruwa. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Nasiru ya kalle shi da jajayen idanu, ya tashi ya shige gida.

A waje na ce, "Kawu, me ka yi ke nan? Gidan mutuwa fa!"

"Ka ga wani ya riga ni?"

"Wallahi babu."

"To alhamdu lillahi."

Kafin sati ya zagayo an shinge hanyar da ƙaya. Kawu ya koma zagaye ta bakin rafi, inda amalanke ba ta bi, taki a ka, dami a ka, mutum mai shekara saba'in. Muka yi roƙon duniya ya je ya ba da haƙuri, ya ce, "An rufe iyaka ne. Ana yi a ko'ina." Damina biyu yana wannan wahalar.

A ta ukun ƙafarsa ta kumbura, ga riɗinsa ya isa yanka, shi ne kuma abin da gidan zai ci. Wata safiya ya aika a kira ni, ya ce in kai shi wurin Nasiru. Na yi maza na duba hannunsa, wannan karon ba zabi. Muka tarar da Nasiru a ƙofar gida. Kawu ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa da ƙyar.

Ya ce, "Nasiru, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Bala. Tare aka yi mana kaciya da shi. Ranar nan tsoro ne ya yi magana, ba ni ba. Da na buɗe baki da ta'aziyya, kuka zan yi a gaban mutane."

Nasiru ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a rigarsa. "Baba, ita kaɗai nake jira shekara uku."

Da la'asar Nasiru da kansa ya janye ƙayar. Ta hanyar aka kwaso riɗin a amalanke, Kawu na kwance a zaure yana jin ƙarar tayoyi. Shi bai ƙara taka ta ba, kwana goma sha ɗaya tsakani muka kai shi makwancinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa shi da amininsa Bala a gidan rahama. Amin.