Kujerar Remedios

Mang Celso Pangilinan mutum ne da bai iya zama ba. Ko a coci, kafin fada ya kai tsakiyar huɗuba ya sauya ƙafa ya fi a ƙirga, ya leƙa taga, ya fita ya duba ko wani ya tare masa mota. Ni na riƙe ɗansa na fari ranar baftisma, shi ya sa muke ce wa juna kumpare, kuma shi ya sa nake da bakin faɗa cewa zama da shi gajiya ne. Duk da haka ina son sa, kuma a garinmu da wuya ka sami wanda bai taɓa hawa motarsa ba.

Motar jipni ce, ƙarama, ta tsohon yayi. Ubansa ya saye ta bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da sojan Amurka suka tafi suka bar jif-jif ɗinsu birjik a nan Pampanga. Ya tsawaita mata baya, ya yi mata rufi, ya sa benci biyu masu kallon juna, ya shiga jigilar mutane tsakanin kasuwa da bakin gada. Da Celso ya gaje ta sai ya ƙara mata dokin ƙarfe mai ƙyalli a hanci, da fenti ja da rawaya, da allo mai sunayen 'ya'yansa a saman gilashi. Kujerar gaba kuwa ta matarsa ce, Aling Remedios, wadda shi yake kira Medy. Nan take zama tun suna ango da amarya, tana karɓar kuɗin mota tana yi masa faɗa kan gudu. In fasinja ya ƙwanƙwasa rufi, alamar zai sauka, ita ke riga shi ji.

Da hukuma ta ce tsofaffin jipni su bar titi, sai aka tura motar ƙarƙashin mangwaro, kaji suka tare a ciki. Celso ya zama abin tausayi. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya share tsakar gidan da aka share, ya zo shagona na walda ya tsaya a kaina yana gaya mini yadda ake walda.

Mu kuma muna da 'yar ƙungiyarmu ta sa-kai a wani tsohon siton shinkafa da ke bayan gari. Tsofaffin kayan yaƙi muke tayarwa, ba wanda ke biyanmu sai ciwon baya. Akwai jirgin koyon tuƙi mai farfela ɗaya da muka tono daga tokar da dutsen Pinatubo ya yi aman ta, har yau fiffike ɗaya gare shi, da babbar motar soja, da babur mai kwando a gefe. Shugabanmu Dokta Lazatin ne, likitan haƙori, muna ce masa Dok. Mutumin kirki ne, sai dai in ƙusa ɗaya ba ta zamanin yaƙi ba ce, ba ya iya cin abinci.

Wata Asabar Dok ya biyo ta ƙofar gidan Celso ya hango motar. Bai ko yi gaisuwa ba ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya shige ƙarƙashinta. Da ya fito, ko rigar bai kakkaɓe ba.

Ya ce, "Mang Celso, ƙashin bayan motar nan na jif ɗin yaƙi ne na ainihi. Tarihi ka bar wa kaji suna ƙwai a ciki."

Celso ya ce, "To, Dok, in tarihi ce, za ta sake hawa titi?"

"Sau ɗaya, ranar faretin 'yan mazan jiya. Daga nan sai mu ɗora ta kan katako a sito, mu ja igiya, mutane su riƙa zuwa kallo."

Ina jin hawa titin kawai Celso ya ji, sauran maganar ta bi iska. Nan take ya ba da motar, da sharaɗin a yi aikin da shi kuma shi zai tuƙa. Bai shiga ciki ya tambayi kowa ba.

Aling Remedios na yankan albasa labari ya iske ta. Ta ce, "Ka mayar wa Amurkawa motarsu ke nan? To, sai ka je su riƙa dafa maka." Ta ajiye wuƙar ta ƙara da cewa, "Ƙafata ba ta sake taka motar nan." Girki dai ba ta daina ba. Faɗa ta daina yi masa, kuma wanda ya san gidan ya san wannan ya fi yunwa ciwo.

Aka shiga aiki. Ni na yanke bayan da ubansa ya ƙara, rufin ya sauka, aka kwance dokin ƙarfe. Muka yi ta kankare fenti: jan Celso ya fita, shuɗin ubansa ya bayyana, shi ma ya fita, sai ga koren soja a ƙasa. Dok ya kusa yin hawaye. Celso kuwa yana ko'ina, ba ya ko'ina. Ya ɗauki sifana ya ajiye, ya je ya taɓa farfelar jirgi, ya dawo ya ce na karkace walda, ya fita ya shigo. Allon sunayen 'ya'yansa ya kai gida, Remedios ta tura shi ƙarƙashin gado.

Ranar da aka cire kujerar gaba aka sa ta soja mai tamfol, ya tare Dok a ƙofar sito.

"Dok, ranar faretin fa, matata ce a nan."

"Mang Celso, ka san ƙa'ida. Ba mai hawa sai da kayan soja na zamanin. Ni zan zauna nan da kakin hafsa, an riga an kai wa tela. Kuma ai na ji ta ce ba ta zuwa."

Da muka tashi, Celso ya bi ni gida yana tafiya yana riga ni yana dawowa. Ya ce, "Kumpare, ba ƙarfen ke damuna ba. Ban taɓa fita da motar nan kujerar can babu Medy ba. In aka ɗora ta kan katako ba ta hau ba, shi ke nan, ba sauran wata rana. Ba za ta yafe mini ba har a binne ɗayanmu. Je ka yi mata magana, kai tana jin kunyarka."

Na je. Na same ta tana dafa kifi a miyar tsamiya. Na yi gyaran murya, na kira ta yadda ake kiran matar kumpare, na ce, "Kumare, mutumin nan fa ya rame."

Ta ce, "Da ma yaushe ya taɓa ƙiba? Ba kai ka yanke wa motar baya ba, kumpare? Zauna ka ci abinci ka tafi." Na ci, na tafi. Raina bai yi daɗi ba, don na ga idonta, kuma ba fushi kaɗai ke ciki ba.

Ranar fareti ta zo cikin zafin Afrilu. Aka sa wa Celso kakin da ya yi masa yawa da hular kwano da ke rufe masa gira. Tun safe yake zagaya motar yana goge abin da ya goge, yana miƙa wuya yana duban hanyar gidansa. Dok ya yi masa karatu kamar ɗan koyo: a hankali, ba oda, ba tsayawa ko'ina sai gaban rumfar manya. Celso ya ce to. Jif ɗin ne a gaba, ni ina bayansa a babbar mota, bayana babur, sannan masu ganga da ƙaho.

Hanyar faretin ta bi ta kasuwa, wato tsohuwar hanyarsa. Ina kallon ƙeyarsa. Hular kwano na juyawa dama, tana juyawa hagu, don direban jipni ba titi yake kallo ba, bakin titi yake kallo. Mutane sun cika gefe da gefe suna kaɗa tutoci. Da muka iso kwanar masu kifi, inda ya saba lodi, sai wani hannu ya fito daga cikin taron ya ɗan ɗagu, irin ɗagawar mai tare mota.

Celso ya take birki. Daga baya ya rantse mini bai ga mai hannun ba, ƙafarsa ce ta yi aikinta. Hular Dok ta tuma kan bonet. Ni da ƙyar na tsayar da babbar mota, mai babur ya shige gefe, kiɗa ya watse ya bar ƙaho ɗaya yana kuka shi kaɗai.

Sai ga Aling Remedios ta ratso mutane da kwandon cefane da silifas ɗin gida. Ta zagayo ta tsaya kusa da Dok, ta dube shi tun daga takalmi har taurarin kafaɗarsa.

Ta ce, "Dok, ka hau mini kujera."

Dok ya buɗe baki, na san ƙa'ida zai kawo. Ya dubi Celso, ya dubi kasuwa gaba ɗaya tana jiran abin da zai ce, mafi yawansu tsofaffin fasinjojin motar ne. Sai ya sauka ya koma kujerar baya. Ta miƙa masa kwandon, ya rungume, jelar kifi na leƙowa a kan kakin hafsa.

Ta zauna, ta gyara siket, ta ce, "Wannan kujera ko dutse? Me kake jira, ka tare wa mutane hanya. Kuma kada ka yi mini gudu."

Ban ga fuskarsa ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauka. Wata da watanni ba a yi masa faɗa ba. Haka suka wuce gaban rumfar manya, Dok na sara wa magajin gari da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da cefane.

Da muka koma sito, katakan na jere a wurinsu, igiya na naɗe a gefe. Celso ya shigar da motar ya daidaita ta, amma bai kashe ba. Ya ce akwai wata ƙara da yake ji a inji, a bari ya saurara. Ƙafarsa na rawa a kan totur. Ya ce ko a ɗan zagaya da ita a gani, bakin gada kawai a dawo. Muna tsaye da jak a hannu, har Dok, an rasa mai cewa lokaci ya yi.

Remedios ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa rufi. Babu rufi. Hannun ya tsaya a sama, ta dube shi, sannan ta sauko da shi ta ƙwanƙwasa hular kwanon mijinta sau biyu.

Ta ce, "Mun iso, Celso. Akwai mai sauka."

Ya kashe motar. Ba wanda ya sauka a cikinsu. Hannunsa na kan sitiyari, nata na kan gwiwarsa, ƙafar nan ta daina rawa. Tun da nake da kumpare ban taɓa ganin ya zauna haka ba. Dok ya ajiye kwandon a benci a hankali. Muka jingine jak, muka fita muka ja musu ƙofa.