Tarwaɗar Maman Joseph

A shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, masaƙar da Hephzibah ke aiki a Kakuri ta rage ma'aikata, sallamar ta haɗa da ita. 'Yar Zonkwa ce, amma a unguwar Nasarawa ta yi aure ta haihu, kowa Maman Joseph yake ce mata. Mijinta, Sylvanus, direban bas ne, mai sanyin hali.

Ba ta iya zama hannu rabbana ba. Da kuɗin sallamarta ta sa aka gina mata kwami biyu na siminti a bayan gida, ta zuba 'ya'yan tarwaɗa. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai kifi a tsakar gida, ga kogi kusa. Ita ko a jikinta. Tsabar ɗoki ma ta cusa su fiye da ƙima, tana watsa musu abinci kamar mai kiwon ragon suna.

Da zafin bazara ya kankama, sai kifin suka daina cin abinci. Suka taru a bakin famfon da ruwa ke shigowa, suna buɗe baki kamar masu haki. Wata safiya ta tarar da wasu sun juya ciki sama. Ta ɗaga kunnen ɗaya, wurin nan da kifi ke numfashi, wanda ta saba gani ja wur. Ya koɗe, ya yi yauƙi, gefensa ya zagwanye.

Ta ƙunshe kifin a leda ta nufi bakin kogi wurin Malam Garba, wani masunci da ta daɗe tana sayen kifi a hannunsa. Ya jujjuya shi ya girgiza kai.

"Na san wannan, Maman Joseph. In ruwa ya janye ya yi ɗumi, mukan kamo irinsa inda kwata ke zuba. Mu dai jefarwa muke yi, maganinsa ban sani ba. Amma akwai Malam Ɗahiru, malamin gona mai kula da kiwon kifi. Zo in raka ki."

Malam Ɗahiru ya biyo su har gida. Ya leƙa kwamin, ya shinshina ruwan.

"Ƙwayoyin cuta ne ke cin kunnen," in ji shi. "Cunkoso da ragowar abinci da ya ruɓe a ƙasa su suka ba su ƙofa. Ki tsayar da abinci, ki rage musu cunkoso, ki riƙa sauya ruwa kullum, zan nuna miki gwargwadon gishirin da za ki sa. Ba duka za su tsira ba, Mama, kada in yaudare ki."

Da yamma wata mai bandar kifi ta zo ta ce a ba ta matattun, in sun sha hayaƙi wa zai gane. Da farko tayin ya shiga ran Hephzibah. Daga baya ta ce a'a. Ta haƙa rami a gindin ayaba ta binne su tana hawaye.

Sai matsalar ruwa, don famfo ya ɗauke. Sylvanus ya riƙa ajiye bas da rana yana ɗauko mata jarkoki. Matan zumunta na cocinsu, har da waɗanda suka yi mata dariya, suka jera da bokitai daga rijiyar maƙwabta. Malam Garba ya aro mata tsofaffin durom aka raba kifin.

Kusan rabi suka tafi. Amma wata rana da hantsi ta gwada watsa ɗan abinci kaɗan, sai ruwan ya yamutse, suka yi caa a kai har suna fantsala mata a fuska. Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya.

Da damina ta sayar wa wata mai farfesu a unguwar Trikania kifinta na farko. Shekara na zagayowa, mata uku da aka sallama tare da ita suka gina nasu kwamin, kuma kafin su zuba kifi ko ɗaya sai da ta je ta duba.

"Wannan yawan ya fi ƙarfin wurin nan," ta ce wa ta farkon, mai suna Martha, tana nuna 'ya'yan kifin da aka sayo. "Mayar da rabi, 'yar'uwa. Kawo bokiti in taya ki."