Rabin Kwanon Baba

Ƙibata ba ta kwana ɗaya ba ce, aiki aka yi a kaina shekara da shekaru. Kakata, uwar babana, mutuniyar Iferwan ce, kuma a wajensu yarinya siririya abin kunyar gida ce. Sunanta aka sa mini, don haka tun ina ƙarama ta karɓe ni daga hannun innata ta sa ni gaba da ƙwarya. Da safe fura da cuku da dabinon Bilma, da hantsi gumba da nono, da la'asar a sake. In na ce na ƙoshi sai ta matse mini ɗan yatsan ƙafa har in haɗiye. Kafin in shiga kwalej na zama abin nuni a unguwarmu ta tsohon garin Agadas. Lungunanmu matsattsu ne, 'yan ajinmu har cewa suke in na shigo lungu sai jaki ya ja da baya. Ban damu ba, don tsofaffi albarka suke shi mini, kaka kuwa tana biye da ni tana taƙama kamar ita ta gina hasumiyar masallaci.

Sai fari ya zo. Dabbobi suka mutu, mutanen daji suka sauko suka kafa bukkokin tabarma a bayan gari, nono ya ɓace daga kasuwa. Kaka ba ta saduda ba. Azurfarta ta aure ta riƙa fitarwa ɗaya bayan ɗaya tana musanyawa da garin madara da dabino, wai ba za a ce takwararta ta rame a hannunta ba. Kowa a gidanmu ya rage ci, ban da ni.

Babana shi ne mai tsaron magaza, babban ɗakin da ake ajiye hatsin taimako, jar dawar nan da manyan motocin kamiyo ke kawowa daga kudu. Makullin yana rataye a wuyansa. Mutum ne da ko tsaba ta zube ƙasa sai ya sa an share an mayar cikin buhu. Da soji suka karɓi mulki, rediyo ya yi ta faɗin cewa duk wanda ya ci abincin talakawa sai ya amayar da shi, aka kuwa fara kwasar ma'aikata. A lokacin ba a neman doguwar shaida. Maganar unguwa ma ta isa ta sa mota ta tsaya a ƙofar mutum.

Wata safiya na je famfo ɗiban ruwa, na tarar da layin mata. Wata maƙwabciyarmu, mace mai baki kamar reza, ta dube ni sama da ƙasa ta ce da sauran:

"Ku matsa, buhun taimako zai wuce."

Aka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ina da shekara goma sha biyar, amma ba sai an fassara mini ba. A garin da yara ke tafe ƙashin haƙarƙari a waje, ni ɗiyar mai makulli ina tafe ina haki da kitse. Jikina ya zama shaida a kan babana, kuma irin wannan shaidar na iya kai shi inda aka kai sauran. Na koma gida ban ɗebi ruwan ba, raina a ɓace, na ƙudura sai na sauke wannan jiki ko ta halin ƙaƙa.

Hanya ɗaya na sani, ita ce barin ci. Kaka ta tsufa, idonta ya rage, ba ta iya tsare ni kamar da. In ta miƙo ƙwarya sai in zaga bayan ɗaki in juye wa wata mata daga bukkoki da ke zuwa surfe gidanmu, in dawo ina lashe baki. Tuwon dare in taɓa loma biyu in ce ciki ke ciwo. Ruwan tsamiya nake cika ciki da shi, in ɗaure ƙugu da ɗankwali tamau don kada ya yi kuka a aji. Ni mai taurin kai ce tun asali, in na sa abu gaba sai na ga ƙarshensa.

Jiki ya fara sauka, amma ba yadda na zata ba. Fata ta saki a damatsana, cikin kuwa yana nan. Gashina ya riƙa zubewa a matsefi, al'adata ta ɗauke, ban gaya wa kowa ba. In mushe, malaminmu, yana rubutu a allo sai in ga alli yana rawa. Duk da haka murna nake, ina cewa a raina kowace loma da na bari nisa ce tsakanin Baba da motar soji.

Bayan 'yan makonni na sake haɗuwa da matar nan a famfo. Ta tafa hannu ta ce:

"Kun gani ko? Tun da soji suka sa ido ga magaza ta zube. To a da mi take ci?"

Wallahi da ina da ƙarfi rannan da na kife mata bokiti a ka. Na yi ƙiba, Baba ɓarawo ne. Na rame, an tabbatar Baba ɓarawo ne. Na ɗora ruwan a kai don kada ta ga hawayena, ban kai bakin lungu ba duhu ya rufe mini ido.

A likita na farka. Ma'aikaciyar jinyar ta ja fatar idona ta duba, ta matsa farcena, ta tambaye ni abin da nake ci har na faɗi gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce yarinya mai girma in ta hana kanta abinci, jini da tsoka ne ke fara tafiya, kitsen ya tsaya yana kallo. Ta ce ƙibar da aka ɗora mini ma ba lafiya ba ce, amma a hankali ake sauke ta: a bar ɗurar gumba, a ci tuwo daidai ciki, a nemi wake da ganye in an samu, a yi tafiyar ƙasa. Baba yana tsaye bakin ƙofa, ya ji komai har da dalilina. Da ta fita sai ya zauna gefen gado ya dube ni.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "ke ma kin yarda na ci ke nan?"

Na ce a'a, ina kuka. Ya ce to wanda bai ci haram ba ba ya ɓoye cikinsa, in ci abincina. Ban taɓa jin kunya da son mutum a lokaci guda kamar rannan ba.

Ramar da na yi ba ta hana komai ba. Mako bai zagayo ba mota ta tsaya ƙofarmu, aka tafi da shi wani gida can bayan gari, wajen filin jirgi, inda ake tsare ma'aikata ana bincike. Ba a ciyar da su, kowa gidansu ke kai masa. Innata tana da goyo, kaka ba ta iya tafiya, sai na ce ni zan kai. Kaka ta tada rigima wai rana za ta narkar da abin da ya rage na wahalarta. Na gaya mata a fili cewa daga yau ƙwarya ɗaya zan sha da safe, azurfar da ta saura kuma a sayi wake da ita don kwanon Baba. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, a na uku na ji tana aiken saye.

Ranar farko sai da na zauna hutawa a kowace inuwa, cinyoyina suka saɓule don gogayya. Da na isa, sojan ƙofa ya tsokana cokali cikin tuwon ya miƙa. Baba ya buɗe kwanon, ya sa hannu ya tsaga tuwon biyu, ya turo mini rabi ta ƙarƙashin ƙyauren waya. Na ce nasa ne. Ya naɗe hannu ya ce ba zai taɓa ba sai na cinye nawa a gabansa. Na san halinsa, daga wajensa na gaji taurin kai, sai na ci.

Haka muka yi kullum da azahar bayan an tashi lakwal, wato makaranta. Innata ta gane, ta ƙara girman kwanon. Tuwon dawa ne da miyar kuka, wata rana da wake, wata rana da ɗan kabewa ko tumatir in masu garkar Dabaga sun shigo da jakuna. Ban san ranar da na daina neman inuwa ba. Na dai lura zanena ya fara zagaye ni da saura, numfashina ya daidaita, ƙafafuna suka yi tauri, al'adata ta dawo. Ban zama siririya ba, ba kuma zan taɓa zama ba, ƙashin gidanmu manya ne. Matar famfo ta ci gaba da surutunta, ni kuwa in wuce ta da kwano a kai ko waiwaye babu.

Sai da zafi ya wuce aka sake shi. Ba a sami ko mudu ɗaya a kansa ba, ba wanda ya ba shi haƙuri, makullin ma ba a mayar masa ba. Na zo da kwano kamar kullum na tarar da shi zaune a waje, wandonsa ɗaure da igiya, wuyansa ya yi tsawo. Ashe zawo ya daɗe yana cinsa, ya ɓoye mini don kada in bar masa rabona. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Babu mota, babu jaki a kusa.

Na ajiye kwanon wajen sojan, na durƙusa na ɗora hannunsa a kafaɗata.

"Ba ki iyawa, Uwata, da nisa."

"Taka dai, Baba."

Nauyinsa duka a kaina yake, ina jin ƙasusuwansa ta cikin riga. Muka ratsa bukkoki, muka ratsa kasuwa mutane na kallo, kuma har ƙofar gida ban sauke shi ba.