Gicciye Cikin Riga

Mutumin ya kasa zama, sai safa da marwa yake yi a gaban teburin mai buga takardu. Dogo ne mai furfura a gemu, ƙaramin gicciye na lilo a wuyansa. Mai buga takardun ba ta san shi ba. Daga takardarsa ta gane sabon shugaban ƙungiyar direbobi ne, yana son korar wanda ya kayar a zaɓe. Yadda sunan ke maƙale masa a wuya, tana jin tare suka taso.

Sau uku yana sa ta goge "kora" ta rubuta "gargaɗi", sau uku yana cewa ta mayar.

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, muryar wani dattijo har kunnenta: "In ka bar shi da sauran ƙarfi, gobe kai zai tumɓuke. Gama da shi yau."

"Kawu, jiya fa Fasto ya ce mu yafe wa wanda ya cuce mu."

"Fasto yana da kujerar da ake nema ne?"

Ya kashe wayar yana murza gicciyen.

"Baiwar Allah, bar shi a kora."

Ta miƙa masa biro. Kafin ya sa hannu, sai ya tura gicciyen cikin riga, kamar kada ya gani.