Muryar Baba da kati mai suna biyu

Ranar da aka sa hirar Baba a rediyo, Inna tashi ta yi ta bar wurin. Maƙwabta sun cika tsakar gida, ƙannen Baba suna zaune, ita kuwa ta ɗauki tulu ta ce ruwa ya ƙare, alhali randa cike take. Kunya ce kawai. Matar da ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ina za ta zauna gaban danginsa tana sauraron muryarsa? Sai da aka gama ta dawo.

Baba dillali ne a kasuwar dabbobi ta Dakoro, kuma hirar a kan shaidar raƙuma aka yi ta, wato alamar da ake ɗana wa dabba da wuta don a san mai ita. Ni ne na riƙe masa makirfo, domin ni ke kula da na'urorin ƙaramin gidan rediyon da nake aiki. Bayan ya rasu, Inna ta fita takaba, wata rana ina cin tuwo ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Abin nan da babanku ya hwaɗi a rediyonku, yana nan?"

Na ce yana nan mana. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, kamar a aljihuna yake.

Yana nan ɗin, amma cikin wata babbar na'ura da muke kira sarbar, wadda wani furoje, wato aikin tallafi, ya bar mana lokacin da ya naɗe kayansa. Duk abin da muka taɓa ɗauka a cikinta yake. Tun kafin Inna ta yi magana na'urar ta fara rigima: da ka taɓa tsofaffin shirye-shirye sai ta ƙame, ta shiga kuka ƙi-ƙi-ƙi har sai an kashe ta. Na gwada kwafe hirar Baba a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na'urar ta ƙame. Na sake, ta sake. Raina ya ɓaci har na ɗaga hannu zan make ta, sai na tuna wanda ke ciki.

Wani abokina da ke gyaran irin waɗannan a Maradi ya ce mini laifin katin ne. Kati ne mai faɗin tafin hannu, shi ke shiga tsakanin na'urar da diskokin da ke riƙe da sauti. A cikinsa akwai ɗan shirin da ke tafiyar da shi, famwaya ake ce masa, kuma namu ya tsufa, sai an sabunta shi. Na buɗe na'urar na ciro katin. A jikin takardar da aka liƙa masa sunan wani kamfani ne, amma da na ɗaga ɗan ƙarfen da ke sanyaya shi, sai ga sunan wani daban a ƙasa. Wani ya ƙera, wani ya saya ya liƙa sunansa ya sayar. Baba ya sha nuna mini raƙumi irin wannan, sabuwar shaida a kan tsohuwa, ya ce in dinga shafa wurin da hannu kafin in yarda.

Matsalar ke nan. Kamfanin da ya liƙa suna ya daɗe da manta katin, ba shi da sabon shiri. Wanda ya ƙera yana da shi, amma katin ba zai karɓa ba sai an goge duk abin da ke cikinsa, har sunan aron. Tsakanin gogewa da rubutawa, in wuta ta ɗauke ko na ɗauko fayil da bai dace ba, katin ya mutu. In kuma ya tashi, ba tabbas zai gane diskokin.

Na kira abokina na ce: "In ya ƙi hwa?"

Ya ce: "In ya ƙi, sai haƙuri. In ka bar shi haka ma, wata rana ba ya tashi."

Na yi kwanaki ina kewaye na'urar. Direktan gidan rediyonmu yana tambaya yaushe za a gama, Inna kuwa ba ta ƙara tambaya ba, kuma shirunta ya fi damuna. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Na kwashe abin da ya yarda ya kwafu, sanarwa da wa'azi da waƙoƙin buɗe tasha, na jona na'urar da batiran sola, na zaɓi wata hantsi da rana ta buɗe sosai.

Na yi bisimilla na goge. Allon ya nuna katin ba suna, ba lamba. Gumi na ɗiga daga haɓata, na rubuta umarnin sa sabon shirin ba daidai ba, na share na sake. Layin da ke nuna ci gaba ya yi ta jan ƙafa, ya tsaya a tsakiya har na miƙe tsaye, sannan ya wuce. Da na kunna na'urar, katin ya fito da sunansa na asali. Ya tambaya ko ya karɓi diskokin da ya tarar, na ce ya karɓa. Komai ya dawo, kukan ma ya daina.

Na buɗe hirar Baba, na'urar ba ta ƙame ba. Sai dai ashe ba katin kaɗai ke da ciwo ba. Duk lokacin da ya ɗauka yana rigima, ya lalata wurare a kan diskin, kuma hirar na cikinsu. Abin da ya rage ɗan guntu ne daga farko. Abokina ya gwada duk dabarar da ya sani daga nesa, bai ƙaro ko kalma ɗaya ba.

Na sa guntun a wayata na tafi gida da la'asar. Inna tana tsince wake a faifai. Na ce mata ba duka aka samu ba. Ta ce to. Ta ture faifan gefe, ta gyara ɗankwalinta, ta jawo mayafi ta yafa, kamar mai jiran baƙo.

Na danna. Baba ya yi gyaran murya, ya ce mini: "Kai, an hwara ne?" Ya yi 'yar dariyar nan tasa. Sannan ya ce: "Salamu alaikum."

Inna ta sunkuyar da kai ta ce: "Wa alaikumus salam."

Ta zauna haka tana jiran ya ci gaba. Wayar ta riga ta yi shiru a hannuna, ni kuwa na kasa buɗe baki in gaya mata iyakarsa ke nan.